FASHIN BAƘI: Me ya sa rigunan tishat masu lamba ɗaya ba sa zuwa da girma ɗaya?

Matashin da ya sayi riguna uku masu ɗauke da harafin L, ɗaya sabuwa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ɗaya gwanjo daga Ƙofar Wambai, ɗaya kuma ta intanet, yana iya tarar da cewa ta farko ta ɗame shi a ƙirji, ta biyu ta sauko masa har tsakiyar cinya, ta uku kuwa ta zauna daidai a ranar farko amma ta tsuke bayan wanki biyu. Jikinsa bai sauya ba tsakanin rigar farko da ta ƙarshe. Abin da ya sauya shi ne ma'anar harafin.

Haruffan S, M, L da XL da ake liƙawa a wuyan riga sunaye ne da kowane kamfani ke raɗa wa kayansa. A mafi yawan ƙasashe babu dokar da ta tilasta wa mai ɗinka riga ya bi wani awo kafin ya rubuta harafin da ya ga dama. Ma'aunai na ƙasa da na duniya suna nan a rubuce, sai dai bin su ganin dama ne. Wannan bayani ya bi diddigin inda lambobin suka fito, dalilan da ke sa su saɓa wa juna, abin da hakan ke jawo wa mai saye a Najeriya, da hanyar da ta fi tabbas wajen samun rigar da ta dace da jiki.

Daga ina lambobin suka fito?

Kafin zuwan masana'antun tufafi, riga ana ɗinka ta ne a kan mai ita. Tela ya auna, ya yanka, ya ɗinka, kamar yadda har gobe ake yi wa kaftani da babbar riga. Lambar riga ta samo asali ne daga buƙatar tufatar da mutane masu yawa waɗanda telan bai taɓa gani ba. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an auna ɗimbin sojoji domin ɗinka musu kaki, aka kuma lura cewa faɗin ƙirjin namiji yana ba da hasken sauran sassan jikinsa gwargwadon hali. A kan wannan aka gina lambobin tufafin maza bayan yaƙin.

Ita kanta tishat daga soja ta fito. Rundunar sojojin ruwan Amurka ta fara raba ta a matsayin rigar ciki wajen 1913. Fina-finan shekarun 1950, musamman fitowar Marlon Brando a 1951 da James Dean a 1955, su suka fito da ita fili ta zama rigar yawo. Siyasa ma ba ta yi jinkirin gano amfaninta ba: rigar kamfen ɗin Thomas Dewey, ɗan takarar shugabancin Amurka a 1948, tana cikin tsofaffin rigunan tishat masu taken zaɓe da aka adana.

Lambobin mata sun fi rikitarwa. A 1939 da 1940, ma'aikatar gona ta Amurka ta auna mata kusan 15,000 a ƙarƙashin jagorancin Ruth O'Brien da William Shelton, inda aka ɗauki awo 59 a jikin kowace mace. An wallafa sakamakon a 1941. Binciken yana da nakasu tun daga tushe: bayanan mata farar fata kaɗai aka yi amfani da su, kuma ɗan kuɗin da ake bai wa wadda ta yarda a auna ta ya fi jawo mata marasa hali, a ƙarshen shekarun da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Duk da haka, a kansa aka ɗora ma'aunin gwamnati na 1958 mai suna CS 215-58, bayan an ƙara masa awon matan da suka yi aikin soja. An sabunta shi a 1970 a matsayin ma'auni na ganin dama, sannan gwamnati ta janye shi baki ɗaya a 1983. Tun daga nan kamfanoni ke cin gashin kansu, sai jadawalan shawara da ƙungiyar ma'aunai ta ASTM ke fitarwa.

Jiki ɗaya, ma'aunai huɗu

Ko da kowane kamfani zai bi ma'aunin yankinsa sau da ƙafa, harafin ba zai zama ɗaya ba, domin yankunan sun sha bamban.

A Turai, ma'aunin EN 13402 ya ware harafin M ga namiji mai kewayen ƙirji santimita 94 zuwa 102, L kuma 102 zuwa 110, XL 110 zuwa 118. A Japan, ma'aunin JIS ya sanya M a santimita 88 zuwa 96, L a 96 zuwa 104. A Amurka, al'adar kasuwa ta ɗauki M a matsayin inci 38 zuwa 40, wato kimanin santimita 97 zuwa 102, L kuma inci 42 zuwa 44.

China ta bi wata hanya dabam a ma'auninta na GB/T 1335. Maimakon harafi ɗaya, ana rubuta alƙaluma kamar 170/88A. Na farko tsayin mutum ne, na biyu kewayen ƙirjinsa, harafin ƙarshe kuma yana nuna siffar jiki bisa tazarar da ke tsakanin ƙirji da ƙugu: Y ga mai siririn ƙugu, A ga matsakaici, B da C ga masu kauri. Wannan tsari ya fi sauran faɗin gaskiya, tunda alƙaluma ne da kowa zai iya gwadawa da tef. Matsalar takan taso ne idan ɗan kasuwa ya ƙara nasa harafin a gefe domin masu saye na waje.

Sakamakon haka, namiji mai ƙirji santimita 100 shi ne M a Turai da Amurka, L a Japan, sannan a rigunan da aka ɗinka domin kasuwar cikin gidan China yakan tsinci kansa a XL ko sama da haka. Hukumar ma'aunai ta duniya tana da jerin ISO 8559, wanda ya fayyace yadda ake auna jiki da yadda ya kamata a bayyana girman tufa ta amfani da awon jiki. Shi ma ba ya hawa kan kowa sai ƙasar da ta mayar da shi doka ko kamfanin da ya zaɓi bin sa.

Abin da ke faruwa a masana'anta

Bambanci na biyu yana faruwa ne a teburin mai zana riga. Kowane kamfani yana da irin mutumin da yake hange a matsayin abokin cinikinsa. Ana zana samfurin farko, galibi na M, a gwada shi a jikin wani mutum guda da aka ɗauka domin wannan aiki, ko a jikin mutum-mutumi. Kamfanin da ke neman 'yan shekara ashirin ba zai zaɓi jiki irin na wanda ke neman magidanta ba.

Daga nan sai batun sarari. Jadawalin lambobi yakan nuna awon jiki, amma rigar dole ta fi jikin faɗi kafin a iya motsi a cikinta. Yawan wannan ƙari ra'ayin mai zane ne da kuma yayi. Rigar da aka zana ta kama jiki tana iya samun ƙarin santimita biyu ko uku kacal, ta yau da kullum ta samu shida zuwa goma, burmemiyar da matasa ke yayi a yanzu kuma ta haura ashirin. Dukkansu suna iya ɗaukar harafin M ba tare da wani ya yi ƙarya ba.

Bayan an amince da samfurin, sai a faɗaɗa shi ko a rage shi da ƙayyadadden adadi domin samar da sauran lambobi. A rigunan Amurka marasa zane da ake saye da yawa domin buga tambari, faɗin riga a shimfiɗe yakan tashi daga inci 18 a S zuwa 20 a M, 22 a L, 24 a XL, tsayi kuma yana ƙaruwa da inci ɗaya a kowane mataki. Lissafin yana ɗauka cewa duk wanda ya ƙara faɗi ya ƙara tsayi, alhali jikin mutane ba haka yake tafiya ba. Dogo siriri da gajere kakkaura su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Akwai kuma kuskuren da masana'antu suka amince da shi. Ba a yanka riguna ɗaya bayan ɗaya; ana jibge yadi shimfiɗa gommai a kan juna, a bi da wuƙar inji. Yadin tishat yana miƙewa, don haka na sama da na ƙasa ba safai suke fita daidai ba. Mai ɗinki ma yana iya cin ɗan yadi fiye da na kusa da shi. Saboda haka kamfanoni sukan yarda da saɓanin rabin inci zuwa inci ɗaya, sama ko ƙasa. Idan aka tuna cewa tazarar da ke tsakanin M da L inci biyu ce a shimfiɗe, za a ga cewa babbar M da ƙaramar L suna iya haɗuwa a wuri ɗaya. Manyan kamfanoni kuma sukan raba aikin riga guda ga masana'antu a ƙasashe dabam-dabam, kamar Bangladesh da Vietnam da Turkiyya, kowacce da yadinta da injinanta.

Lambar faranta rai

Dalili na uku na ciniki ne. Kamfanoni sun daɗe da gane cewa mai saye yana jin daɗi idan ya shiga lambar da ta gaza wadda ya saba. Sai suka riƙa ƙara faɗin tufa suna barin lambar yadda take. A 2015 jaridar Washington Post ta kwatanta ma'aunin 1958 da jadawalin zamani, ta nuna cewa rigar mata mai lamba 8 a yau ta yi kusan daidai da mai lamba 16 ta wancan lokaci. Maza ma ba su tsira ba. A 2010 wani marubucin mujallar Esquire ya bi shaguna da tef yana auna wanduna masu lamba 36, ya samu wasu inci 37, wasu 39, har da mai inci 41.

Ba duka wannan ne yaudara ba, domin jikin masu sayen ma ya sauya. Binciken SizeUK, wanda ya auna mutum 11,000 a Birtaniya da na'urar ɗaukar siffar jiki a farkon shekarun 2000, ya gano cewa matsakaicin ƙugun mace ya kai inci 34, daga inci 27 da rabi a 1951. Kamfanin da ke son M ɗinsa ta ci gaba da zama ta tsakiyar abokan cinikinsa dole ya faɗaɗa ta. Illar ita ce kowane kamfani yana yin nasa gyaran a lokacin da ya so, da adadin da ya so, ba tare da sanarwa ba. Shi ya sa rigar L da aka ɗinka shekara talatin da suka wuce takan yi daidai da M ta yau.

Yadi da wanki

Ko rigar da ta zauna daidai a shago tana iya sauyawa a gida. Shadda da atamfa saƙar tsaye da kwance ce, zare yana ratsa zare, ba ta cika motsi ba. Yadin tishat kuwa saƙar zarge ce, irin ta safa da rigar sanyi, inda zare ɗaya ke sarƙe kansa. A lokacin saƙa da rini da busarwa a masana'anta ana jan yadin, musamman ta tsayi. Da ya sha ruwa sai zargen ya koma yadda yake so, rigar ta gajarce.

Rigar auduga zalla takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wadda ba a gyara yadinta da kyau ba kuma ta wuce haka. Kashi 5 na riga mai tsayin santimita 72 ya haura santimita uku da rabi, wato ya fi tazarar tsayin da ke tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata. Ruwan zafi da injin busar da kaya suna ƙara tsukewar. Rubutun da ke cewa an riga an tsuke yadin a masana'anta yana nufin za ta rage motsi ne, ba wai ba za ta motsa sam ba. Yadin da aka gauraya auduga da foliyesta ya fi riƙe girmansa, sai dai ya fi riƙe zafi da warin gumi, abin dubawa ga mai zaune a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu.

Wani aibin da ake yawan gani shi ne murɗewa, inda ɗinkin gefe ke karkatowa gaba bayan wanki. Wannan daga murɗin zaren ne da yadda aka yanka yadin, kuma guga ba ta gyara shi. Nauyin yadi ma yana da tasiri. Ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita. Rigunan yau da kullum sukan faɗa tsakanin 140 da 180. Mai nauyi ta fi tsayawa da siffarta, marar nauyi ta fi saurin buɗewa a wuya.

Babu matsakaicin mutum

Ko da za a kawar da duk waɗannan matsaloli, haruffa biyar ko shida ba za su wadatar da jikin ɗan Adam ba. Wani jami'in bincike na rundunar sojojin saman Amurka, Gilbert Daniels, ya tabbatar da haka a rahotonsa na 1952. Ya ɗauki awon ma'aikatan jirgi 4,063, ya zaɓi sassa goma da suka shafi ɗinkin tufafi, ya nemi sanin mutum nawa ne matsakaita a dukkansu. Mutum 1,055 ne suka zama matsakaita a tsayi. Daga cikinsu, 302 ne kawai suka kasance matsakaita a ƙirji ma. Da aka kai awo na goma babu ko mutum ɗaya da ya rage.

Darasin a fili yake: rigar da aka ɗinka domin matsakaicin mutum an ɗinka ta ne domin wanda babu shi. Mai faɗin kafaɗa da siririn ciki, da mai tumbi da ƙananan kafaɗu, suna iya samun awon ƙirji ɗaya, amma riga ɗaya ba za ta zauna musu iri ɗaya ba. Haka nan rigar da ake tallatawa a matsayin ta kowa da kowa, maza da mata, galibi yankan maza ce: miƙaƙƙiya daga hammata zuwa ƙasa, mai faɗin kafaɗa. Macen da ta zaɓi wadda ta ishe ta a ƙirji da ƙugu sai ta tarar kafaɗar ta zubo.

Inda duk ma'aunai ke haɗuwa

Kasuwar Najeriya tana karɓar riguna daga dukkan waɗannan tsare-tsare a lokaci guda. Sababbin riguna suna shigowa daga China da Turkiyya da Dubai, wasu kuma ana ɗinka su a Aba da Legas da Kano. Gwanjo yana cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigo da su, amma yana kwarara ta maƙwabta, musamman ta tashar Kwatano, ya cika kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna da Katangua a Legas. Dila ɗaya tana iya ƙunsar riguna daga ƙasashe da shekaru mabambanta, kowacce ta riga ta sha wanki a hannun mai ita na farko. A nan harafin wuya ba ya da wani amfani, sai dai gwanjo yana da fa'ida guda: rigar ta gama tsukewarta, abin da aka gani shi za a samu.

Rigunan da ake rabawa jama'a da yawa su ma suna da nasu labarin. A lokacin kamfe, masu buga riguna sukan zaɓi lamba ɗaya babba domin rage kuɗi da wahalar rabo, bisa lissafin cewa babbar riga tana shiga kowa, ƙarama kuwa ba ta shiga. A sansanonin masu yi wa ƙasa hidima, musayar kaya tsakanin matasa da layin teloli a kasuwar mami sun zama al'ada ta makon farko. Rigunan ƙwallo kuma kala biyu ne: ta 'yan wasa, wadda aka yanka ta kama jiki, da ta magoya baya, mai sarari. Wanda bai tambaya ba yana iya sayen L ya samu abin da ya fi kama da M.

Asarar ta fi yawa a cinikin intanet. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma mai sayen riga ta Instagram ko WhatsApp ko shafukan ƙetare hoto da harafi kawai yake gani. Idan rigar ta zo ba daidai ba, kuɗin mayar da ita yakan kusa kai kuɗin sayenta, ƙananan 'yan kasuwa da yawa kuma ba sa karɓar kayan da suka fita. Ga ɗalibi ko matashin da ke lissafin kowace naira, riga ɗaya da ta ƙi shiga kuɗi ne da suka tafi.

Me doka ta ce?

Wasu ƙasashe sun ɗauki lamarin a matsayin haƙƙin mai saye. A watan Nuwamban 2019 majalisar Ajantina ta zartar da doka mai lamba 27.521, wadda ta kafa tsarin lambobin tufafi guda ɗaya ga duk ƙasar, na 'yan shekara 12 zuwa sama. Dokar ta tanadi a gina tsarin a kan awon jikin 'yan ƙasar, aikin da aka ɗora wa cibiyar fasahar masana'antu ta INTI, a kuma sabunta awon duk shekara goma. Ƙungiyoyin farar hula, musamman na mata, sun shafe shekaru suna fafutuka kafin a kai ga haka, bisa hujjar cewa rashin samun tufa daidai jiki nau'i ne na wariya.

A Najeriya, tsara ma'aunin kayayyaki aikin hukumar SON ne, kare mai saye kuma na hukumar FCCPC. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta haramta bayanin kaya mai ɓatar da mai saye, ta ba shi damar duba kaya kafin ya biya, sannan sashe na 122 ya ba shi damar mayar da kayan da bai samu ikon dubawa ba kafin a kawo masa, idan ya ƙi karɓa cikin lokacin da ya dace saboda ba su yi daidai da bayanin da aka yi masa ba. A nan ne awo ke zama hujja. Wanda aka yi wa alkawarin L zai sha wuya wajen nuna an saɓa masa, tunda harafin ba shi da ma'ana guda. Wanda aka rubuta wa faɗin santimita 56 aka kawo masa 50 yana da abin nunawa.

Tambayar da ta rage ga masu tsara manufofi ita ce ta wanda aka auna. Jadawalan Amurka da Turai da Japan da China duk an gina su a kan jikin mutanen can. Ƙasar da ke maganar farfaɗo da masaƙu da sayar da tufafi a kasuwar bai-ɗaya ta Afirka tana buƙatar alƙaluman jikin mutanenta, domin masu ɗinki na gida su samu abin dogaro maimakon kwafar jadawalin wasu.

Yadda ake samun rigar da ta dace

Hanyar da ta fi tabbas ita ce auna riga maimakon dogaro da harafi. Mutum ya ɗauko rigar da ta fi zama masa daidai, wadda ta riga ta sha wanki, ya shimfiɗa ta a kan tebur ba tare da ja ba, ya ɗauki awo uku da tef ɗin tela:

- Faɗi: daga hammata zuwa hammata.
- Tsayi: daga saman kafaɗa, gefen wuya, zuwa bakin riga na ƙasa.
- Kafaɗa: daga ɗinkin hannu na dama zuwa na hagu, ta baya.

Waɗannan alƙaluma uku, idan aka adana su a waya, sun fi kowane harafi amfani. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ga wanda zai juya daga wannan zuwa wancan.

Wajen karanta jadawalin kamfani, a fara tantance ko awon jiki ya nuna ko na riga. Idan an ga alƙaluma kamar 50 ko 56, faɗin riga ne a shimfiɗe, sai a ninka biyu kafin a kwatanta da ƙirji. Mai ƙirji santimita 100 da ke son riga mai matsakaicin sarari zai nemi faɗin 53 zuwa 55. Idan rigar auduga ce zalla kuma sabuwa, a bar wa wanki santimita biyu ko uku a tsayi. A cinikin intanet, a nemi mai sayarwa ya ɗora tef a kan ainihin rigar ya turo hoto, a kuma ji sharaɗin canji kafin a tura kuɗi.

Idan akwai damar gwadawa, kafaɗa ce farkon abin dubawa. Ɗinkin ya kamata ya tsaya a ƙarshen ƙashin kafaɗa, sai dai in an zana rigar ta zubo da gangan. Hannun ya ƙare a tsakiyar dantse, bakin riga ya rufe bel. A ɗaga hannuwa sama, a sunkuya. Rigar da ke tattarewa ta bar baya a buɗe ta yi gajarta, abin da mai salla da ita zai fi kowa lura da shi. Layukan da ke ja a ƙirji alamar matsi ne.

Tsakanin babba da ƙarama, babba ce ke gyaruwa. Tela zai iya rage gefe, ya rage tsayi ko hannu, muddin yana da keken da teloli ke kira wibin, domin miƙaƙƙen ɗinki yana tsinkewa idan yadin ya miƙe. Kafaɗa da wuya su ne masu wuyar gyara, don haka a zaɓi rigar da ta yi daidai a can. Wajen wanki, ruwan sanyi, juya rigar ciki waje, rashin murɗa ta da ƙarfi da shanya ta a inuwa a naɗe ta tsakiya kan igiya suna taimaka mata riƙe siffarta.

Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasa masu buga riguna da yawa za su kauce wa asara idan suka karɓi samfurin kowace lamba kafin a buga, suka wanke guda ɗaya suka sake auna ta, suka tattara awon mambobi maimakon haruffansu, suka kuma rubuta faɗi da tsayin kowace lamba a cikin yarjejeniya da mai buga rigar. Hakan zai ba su abin riƙewa idan kayan suka iso ba yadda aka yi alkawari ba.